Ɗigo Ashirin a Rabin Kofi

Shekarar da aka taso da ma'aikatar su Baba daga Legas zuwa Abuja ina aji huɗu a sakandare. Baba masinja ne. Shi ya rako ɗaya daga cikin manyan motocin da suka kwaso fayil-fayil, kwana biyu yana zaune a kan kwalaye, kuma har ya tsufa yana alfahari cewa ko takarda ɗaya ba ta ɓace a motarsa ba. Mu muka biyo baya da wata uku, ni da Inna da Auta, da katifa biyu da keken ɗinkin Inna. Gidajen da gwamnati ta gina ba su kai kan masinjoji ba, sai Baba ya kama mana ɗaki biyu a Bwari, a gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi da kowa ke kira Kaka. Da asuba yake fita ya tari motar ma'aikata, ba ya dawowa sai dab da magariba.

A Agege aka haife ni, inda ko da sassafe zufa ake yi. A Bwari kuwa muka tarar da damina ta kankama, duwatsu sun kewaye gari, gajimare na sauka a kansu har hantsi. Sati uku da zuwanmu Inna ta fara tari. Kowa ya ce canjin ruwa ne da sanyin dutse. Ta sha citta da kanumfari, ta sha zuma da lemun tsami, ta yi sirace da ganyen darbejiya, tarin bai tafi ba. Ba wani mai ƙarfi ba ne. Ɗan busasshen tari ne, irin wanda mutum ke yi yana ci gaba da aikinsa, har muka saba da shi kamar yadda muka saba da ƙarar kekenta.

Ni ce 'yar fari, Inna kuma mutuniyar ƙauyen Katsina ce da zaman Legas bai canza ta ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa zama mun yi hira ba. In tana son in yi wani abu Auta take gaya wa, ko da kuwa ina zaune gwiwata na taɓa tabarmarta. "Auta, ce wa waccan ta sauke tukunya." Auta, da shekararta shida, sai ta juyo ta maimaita mini da muryar manya, har da ɗaure fuska. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Na san wadda ke ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin kwano, na san wadda ke ɗinke mini yagar yunifom ba tare da na nuna ba. Amma haka na tashi ban iya buɗe baki a gabanta ba, kuma abin ya bi ni har waje. Ko a aji, in na san amsa, sai dai in rubuta ta a gefen littafi in jira wani ya faɗa.

Tarin ya kai wata biyu ranar da Baba ya dawo da wani abu naɗe cikin hankici a aljihun gaba. Daraktan sashensu, wanda ko a gida Baba ba ya kiransa komai sai Oga, ya tambaye shi iyali. Baba ya ce lafiya lau, sai ɗan tari da uwargida ke fama da shi. Oga bai daɗe da dawowa daga Jamus ba. Ya jawo durowa ya ɗauko wannan ya ba shi, ya ce matarsa ma shi take sha in sanyi ya shigo. Sau uku Baba ya ba mu labarin kafin ya cire takalmi. Shekara goma sha tara yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ba a taɓa ba shi komai daga durowar oga ba sai ranar.

Kwalba ce ƙarama, ruwan ƙasa, murfinta da ɗan bututun gilashi mai roba a kai, ana matsawa maganin ya ɗigo. A jikinta akwai hoton fure, ganyayyakinsa tsakanin ja da shuɗi sun rankwafa ƙasa, tsakiyarsa ta taso da ƙayoyi kamar bayan bushiya. An rubuta Echinacea. A cikin kwalin akwai takarda mai laushi, an ninke ta sau da yawa, da rubutu ƙanana cikin harsuna huɗu.

"'Yar boko, zo ki karanta mana," in ji Baba. "Yau za mu ga ko makarantar nan da gaske ake yinta, ko zuwa kawai kuke ku cinye gyaɗa."

Na durƙusa na nemo ɓangaren Turanci. Ina karantawa a zuci, ina faɗa da Hausa, kaina a ƙasa. Na ce ruwan wani tsiro ne da aka matse. Na ce yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana taimaka wa jiki ya yaƙi mura da ciwon maƙogwaro da tarin da ke biyo bayan sanyi. Na ce ɗigo ashirin ake sawa a ɗan ruwa, sau uku a rana. Baba na gyaɗa kai yana kallon Inna, Inna na kallon ɗinkinta. Da ya ji garkuwar jiki sai ya ce shi ke nan, abin da ake nema ke nan, jikin ne ya yi rauni da hanya. Ina kan ninki na biyu aka kira salla. Ya miƙe ya ɗauki buta, ya ce ya isa haka, sauran ai surutun Turawa ne.

Kaka ta leƙo, kamar yadda take leƙowa duk abin da ya shigo gidan. Ita ma ta san ganye, mutane na zuwa wurinta daga ƙauyuka a kan zazzaɓi da ciwon ciki. Da can a wajen Kado take noma, har katafila ta bi ta kan gonar, ita da mijinta suka dawo wurin danginta a Bwari. Baba ya tsokane ta, ya ce yau kasuwarta ta mutu, ga na Jamus ya zo. Ta ɗaga kwalbar ta daɗe tana kallon furen. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Ganyen da ban san uwansa ba, ba na zaginsa, ba na yabonsa. Kai dai mijin banza, ka sayo mini gishiri." Aka yi dariya, har Inna.

Washegari na tafi da takardar makaranta. Lokacin tara, da kowa ya fita, na zauna da ƙamus na bi sauran kalma bayan kalma. Ba na iya barin abu rabi. A ƙasan ninki na uku takardar ta ce kada a daɗe ana shan maganin makonni da yawa a jere. Ta ce in tari ya ƙi tafiya, ko ya zo da zazzaɓi, ko aka ga jini, a je a ga likita. Sai ta jero waɗanda bai kamata su sha shi ba sam. Kalmar farko a jerin doguwa ce, ban taɓa ganinta ba. Na duba ƙamus, na sake dubawa, na gane tarin fuka ake nufi. Na ɗauko sabon littafin rubutu, na rubuta fassarar duka a shafin farko da kyakkyawan rubutu, na ja layi da rula a ƙarƙashin gargaɗin. A sama na rubuta ranar da Inna ta fara tari. Ban ji tsoro ba a ranar. Tarin fuka ciwon wasu mutane ne, waɗanda ake ware wa kwano da kofi, ake magana a kansu da murya ƙasa-ƙasa. Ban haɗa shi da Inna ba.

Bayan na girma na karanta abin da na samu a kan wannan fure. A filayen Amurka yake fitowa, mutanen ƙasar na asali suna tauna saiwarsa don ciwon haƙori da maƙogwaro, suna shafa shi a rauni. Masana ba su gama yarda da juna a kansa ba. Wasu na ganin yana ɗan rage kwanakin mura in an sha da wuri, wasu na ganin bambancin bai taka kara ya karya ba. Ban ga inda wani mai hankali ya ce yana warkar da huhun da ciwo ke ci ba. Takardar ma ba ta ce haka ba. Ita ta faɗi gaskiyarta tun ranar farko.

Aikin ɗigawa ya zama nawa, don Baba ya ce hannuna ba ya rawa. Da safe kafin in tafi makaranta, da azahar in na dawo, da kuma bayan magariba. Rabin kofin ruwa, in ɗaga kwalbar saitin ido, in ƙirga ashirin. In ɗigo ɗaya ya zame a gefen kofi sai in ƙara wani. In miƙa wa Auta, Auta ta miƙa wa Inna. Sannan in buɗe littafi in sa alama a gidan ranar. Maganin na sa harshe ya yi yam-yam kamar an tauna masoro. Inna ta gaya wa Baba haka, ya ce alamar aiki ke nan, magani mai gaskiya ba ya shiga shiru. Shi ma ya ɗiga ɗaya a harshensa don ya ji, ya yi ta lashe baki yana cewa Bature ba ya wasa.

Sati biyun farko kamar da sauƙi. Ruwa ya ɗan ɗauke, rana ta fito, Inna ta ɗinka wa matan unguwa riguna uku. Baba ya je ya yi wa Oga godiya har ƙasa. Na rubuta a littafi cewa tari ya ragu, kuma na yi imani da abin da na rubuta.

A sati na huɗu na kai wanki rafi ranar Asabar. Inna ta saba wanke ƙananan kayanta da kanta, amma ranar ta kwanta bayan karin kumallo, sai na tattara duk abin da na gani a bayan ƙofa. A cikin zanenta na tarar da wani tsumma, yankin tsohuwar atamfa, an dunƙule shi. Na warware. Jini ne, wani ya bushe ya yi baƙi, wani bai gama bushewa ba, gauraye da kaki. Na tsaya da shi a hannu, ruwa na wucewa ta ƙafafuna.

Kaka na saukowa daga gona da itace a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta ajiye, ta karɓi tsumman ba ta tambaye ni ba, ta duba, ta mayar mini.

"Uwanka ne?"

Na gyaɗa kai.

"Wannan ba na sanyi ba ne. Na taɓa ganin irinsa. In da ganye na yi masa, da ni na ba shi tuntuni, ba sai an je Jamus ba. Wannan na asibiti ne, na allura. Ka gaya wa ubanka yau. Kai ne mai karatu, zai ji naka."

Fuskarta ba wasa ranar, ban taɓa ganinta haka ba. Na ɗauka fushi take, na ɗauka tana lissafin jikokinta da ke wasa da Auta a tsakar gida. Na wanke tsumman sau uku, na shanya shi a kan dutse nesa da sauran kaya.

Duk hanyar gida ina shirya maganar. Na tsara ta jimla uku: abin da na gani, abin da Kaka ta ce, abin da takarda ta ce. Na maimaita har na haddace. Bayan la'asar Baba na zaune a ƙofar ɗaki yana goge takalminsa na aiki, rediyo a gefensa. Na je na durƙusa. Ya rage rediyon ya ce, "'Yar boko, lafiya?" Inna na ciki, labule kawai ke tsakaninmu, ina jin numfashinta. Yaya zan ce na buɗe tsumman uwata? Yaya zan ce kyautar Oga, da aka yi wa godiya har ƙasa, ba ta dace ba? Jimlolin uku suna nan a kaina, ba wadda ta ɓace. Na buɗe baki na ce, "Baba, maganin ya kusa ƙarewa."

Ya ce madalla da na tuna masa. Ya ce abin da nauyi, roƙon babban mutum sau biyu, amma zai san yadda zai yi. Ya ƙara rediyonsa.

Kaka ta tare ni washegari ta tambaya ko na faɗa. Na ce na faɗa. Ita ce ƙarya ta farko da na tuna na yi wa babba, kuma ita ta rufe bakin mutum ɗaya tilo da zai iya yi wa Baba magana kai tsaye. Da ta ga kwanaki na wucewa ba a je ko'ina ba, sai ta ɗauka Baba ya ji ya ƙi. Ta daina tsokanarsa. Shi kuma ya ɗauka tsufa ne.

Na sake gwadawa sau ɗaya, ta hanyar da na sani. Ranar Litinin da azahar, Baba na wurin aiki, na ɗiga maganin na ba Auta. Inna na zaune a bakin katifa. Na kalli bango na ce, "Auta, ce wa Inna takardar maganin nan ta ce mai tari da jini asibiti zai je. Ta ce kada ma ya sha wannan."

Auta ta juya za ta maimaita, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta shanye abin da ke kofin tukuna, ta ajiye.

"Auta, tambayi waccan wa ya aike ta binciken kayana."

Ta ci gaba, idonta a kan Auta.

"Ce mata babanku da ƙafa ɗaya yake tsaye a wurin aikin nan, kullum ana rage mutane. In aka ji sunan ciwon nan a gidansa, wa zai bari ya shiga ofis ya taɓa masa takarda? Tsohuwar nan kuma ta watso mana kaya waje, mu nufi ina, wa muka sani a garin nan? Ce mata kada in ƙara jin maganar nan a bakin kowa. In ruwa ya ɗauke zai tafi."

Ita ce magana mafi tsawo da Inna ta taɓa yi saboda ni. A nan na gane ta riga ni sani, ta san sunan abin, ta auna ta zaɓa. Auta ta rasa ta inda za ta fara maimaitawa, sai ta ce mini kawai, "An ce ki yi shiru." Na buɗe littafi na sa alamar azahar.

Kwalba ta biyu ta zo bayan sati biyu. Oga ya ce ita ce ta ƙarshe a durowar, sai in ya sake tafiya. Don ta daɗe Baba ya ce a koma ɗigo goma, daga baya biyar. Na rubuta ranar da aka rage, na rubuta ranar da aka sake ragewa. Na ƙara wasu layuka a littafin da ba wanda ya sa ni: ranar da ta yi zazzaɓi da yamma, ranar da na tarar da zanen kwanciyarta jiƙe sharkaf da zufa da safe, ranar da ta bar tuwo ko loma uku ba ta yi ba. Zanenta ya fara zagaye ta har ya wuce inda ya saba tsayawa. Awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga buta. Ta daina taka keke, ta ce ƙafarta ce ke ciwo. In Baba ya kusa dawowa sai ta tashi ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta zauna a tsakar gida da tire tana tsince shinkafa. Shi kuma yana fita da duhu yana dawowa da duhu, a hasken fitilar ƙwai yake ganinta. Ranar Lahadi in ya ce ta rame, sai ta ce ruwan garin ne bai karɓe ta ba, ya ce a dai ci gaba da maganin.

Duk abin da ke faruwa ina rubutawa. Ina jin a lokacin na ɗauka rubutawar ma wani abu ce da nake yi a kai.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan dawa, tarin bai tafi ba. Kwalbar ta ƙare, na zuba ruwa na girgiza na ba ta ɗaurayen har kwana huɗu. Wata Asabar da hantsi tana shara a tsakar gida, Baba na gyara ƙafar benci, tari ya kama ta. Ta dafa bango. Wannan karon tsumma bai isa ba, a ƙasa jinin ya zuba, a gaban Baba. Baba ya miƙe da guduma a hannu, ya kasa ajiye ta. Kaka ce ta fita ta samo mai a-kori-kura da ke ɗaukar doya, aka shimfiɗa katifa a baya.

A babban asibitin aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka karɓi kaki. Wata nas mai furfura ta zaunar da mu a benci tana cike takarda. Ta tambayi Baba tun yaushe ake tarin. Ya ce zai yi wata ɗaya, ko biyu. Ba ƙarya yake ba, haka ya gani. Ta tambaya ko an taɓa ganin jini kafin yau, ya ce a'a. Littafin na cikin jakata, don ba na zuwa ko'ina ba shi. Na ciro na miƙa mata.

Ta buɗe tana bi shafi-shafi, tana ƙirga watanni da yatsa. Ta kai bakwai. Ta koma shafin farko ta karanta fassarar da layin da na ja da rula. Ta tambaya wa ya rubuta wannan, na ce ni. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, ba ta yi faɗa ba. Ta ce da ma duk masu kawo marasa lafiya suna zuwa da irin wannan. Sannan ta miƙa wa Baba littafin ta shiga ciki.

Baba na karanta Hausar boko a hankali, yana motsa leɓe. Na zauna ina kallon yatsansa na bin layukan har ya kai wurin da na ja layi. Ya tsaya. Ya koma sama ya duba kwanan watan.

"Tun ranar da na kawo maganin kika san wannan?"

"Washegari, Baba."

"Jinin fa?"

Na nuna masa shafin. Ya ga ranar, ya ga abin da na rubuta a ƙasanta, cewa na gaya wa Baba magani ya kusa ƙarewa. Har wannan na rubuta. Ya rufe littafin ya ɗora a benci tsakaninmu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya tashi ya tafi neman wurin alwala. Ban gaya masa Inna ce ta hana ni ba. Da farko kunya ce ta hana, daga baya kuma na ga ba daidai ba ne in ɗora wa wadda ke kwance. Har ya bar duniya bai sani ba.

Likita ya ce huhun dama ya riga ya lalace, na hagu ma an taɓa shi. Ya ce ciwo ne da ake warkewa in an zo da wuri. Aka fara mata allura da ƙwayoyi, aka kwantar da ita a ɗakin masu irin ciwon, can ƙarshen asibiti. Kwana ashirin da uku ta yi. Ba a barin yara shiga, sai ni nake kai abinci in zauna a bakin gado, ita tana kallon taga, ni ina kallon kwanon. Ba Auta a tsakaninmu, don haka yawanci ba a cewa komai. In ta gama sai ta ture kwanon da yatsa, in ɗauka. Ranar Talata da hantsi na iso da kunu na tarar an naɗe katifar.

Oga ya ba Baba hutun sati biyu, ya aiko da motar ofis ta kai gawar maƙabarta, ya zo gaisuwa da kansa ya zauna a tabarma. Ba wanda ya hana Baba taɓa fayil. Kaka ta fitar da tabarmar Inna ta ƙona, ta buɗe tagogi, ta shafe ɗakin da farar ƙasa da hannunta. Na tsaya ina riƙe mata bokiti. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko za mu tashi. Ta juyo da tsintsiya a hannu ta ce wa ya ce mu tashi. Ta ce mijinta da wannan ciwon ya mutu, a wannan ɗakin, ita ta yi jinyarsa shekara guda, ba wanda ya kore ta. Ta ci gaba da shafe bango. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, da ta san ban faɗa ba da ita ta faɗa.

Asibiti suka ce a kawo duk 'yan gidan a duba. Ni da Baba ba a sami komai ba. Auta, da ke kwana a jikin Inna, take karɓar kofi daga hannunta sau uku a rana, an ga tabo a hotonta. Aka rubuta mata allura kullum har wata biyu, da ƙwayoyi na watanni bayan nan. Baba ya koma aiki, sai ni nake goya ta zuwa ƙaramin asibitin garin kowace safiya. Ban koma makaranta ba a wannan zangon, na maimaita aji huɗu. Satin farko tana kuka tun daga gida. Daga baya ta daina, sai ta kwanta a benci da kanta ta ɗaga riga, cinyoyinta duk sun yi ƙulli.

Ta warke. Amma wajen ƙarshen allurar na lura in na kira ta daga hagu ba ta juyowa. Wannan karon na faɗa a ranar, na faɗa wa nas, na faɗa wa Baba. Aka duba aka ce allurar ce, takan yi wa wasu haka, aka dakatar da ita aka canza magani. Jin bai dawo ba. Yanzu tana da 'ya'ya huɗu a Uke, tana sayar da atamfa a bakin titi. In na je wurinta takan jawo mini kujera ta ajiye a damarta. Ba ta tuna yawancin abin da ya faru a shekarar, ta ce abin da ta riƙe kawai shi ne hanyar asibiti da wani kare da ke bin mu. Ta taɓa tambayata me ya sa aka daɗe ba a kai Inna asibiti ba. Na ce mata lokacin ba mu san gari ba.